Ana cire mini kuɗin NHF duk wata, amma banki ya ƙi takardar gidan da nake son saya

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan lamunin gida, musamman lauyoyi da ma'aikatan banki.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kaduna, shekaruna 42, mata ɗaya da yara biyar. Tun da na kama aiki ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashina da sunan Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, amma har yau a gidan haya nake. Bana mai gidan ya sake ƙara kuɗi, ya ce wanda bai iya ba ya tashi. Babbar 'yata ta fara girma, ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta maza, abin yana ci mini rai ƙwarai.

Na samu gida can bayan Rigasa, ɗaki uku da falo da soro, da rijiya a tsakar gida. An yi filasta an buga silin, wayarin ne kawai ya rage. Mai shi na neman naira miliyan 12, dillali ya ce za a iya sallamawa a 11. Niyyata in ciri wani abu daga asusun fanshona in ba da kafin alƙalami, tunda na ji an halatta hakan, sauran kuma NHF ta cika.

Na je wani bankin lamunin gidaje. Ma'aikaciyar ta karɓe ni da mutunci, ta duba takardar albashina ta ce babu laifi. Da ta nemi takardun gida sai na miƙa mata abin da mai gidan ya ba ni: takardar ciniki rubutun hannu, da sa hannun shaidu uku da hatimin mai unguwa. Ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini ta ce, "Malam, da wannan ko sisi ba za a ba ka ba."

To gidan nan kowa a unguwar ya san na mutumin ne, gaban idonsu ya gina shi. Me ya sa takardarsa ba ta da daraja a wurin banki? Kuma ko da takarda ta gyaru, shin taɓa kuɗin fansho dabara ce? Sannan maganar kuɗin ruwa tana nan tana yi mini nauyi a zuciya.

Barista Zazzau:

Wa alaikumus salam, Yaya. Ma'aikaciyar nan ba ta wulaƙanta ka ba, doka ce ta ɗaure mata hannu.

Tushen maganar shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Dokar ta ɗora duk filin da ke cikin jiha a hannun gwamna, yana riƙe da shi amana a madadin jama'a. Abin da ni da kai muke da shi haƙƙin zama ne, wanda takardar shaidar haƙƙin fili ta gwamnati, wato C of O, ke tabbatarwa, galibi na shekara 99. Sashe na 22 ya ce ba za ka sayar ko ka jinginar da wannan haƙƙi ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci.

Bankuna sun sha wuta a kan wannan. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. An jinginar da gida an karɓi bashi, ba a biya ba, banki ya tashi sayar da gidan. Sai mai gidan ya garzaya kotu ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba lokacin da aka yi jinginar. Kotu ta ba shi gaskiya, jinginar ta rushe. Daga baya an samu hukunce-hukuncen da suka sassauta wasu ɓangarori, amma tsoron bai fita daga zukatan bankuna ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Takardar mai unguwa ba banza ba ce. Idan rikici ya taso tana zama hujjar cewa an yi ciniki an biya. Sai dai banki ba shaidar ciniki yake nema ba. Yana son takardar da zai kai ofishin filaye a rubuta cewa gidan nan yana jingine a wurinsa, ta yadda ba wanda zai sayar da shi ta bayan fage, kuma in ka kasa biya ya iya sayarwa ya fanshe kuɗinsa.

Abin da ke ba ni takaici, matsalar ba taka ce kai kaɗai ba. Tun zamanin kwamitin gyaran dokar filaye da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, adadin da ake ambata shi ne kusan kashi 3 cikin ɗari kacal na ƙasar Najeriya ke da rajista. Bashin jinginar gidaje gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa ba. Ana ta maganar ƙarancin kuɗi, alhali ko an zuba kuɗin, yawancin gidajenmu na Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Mu'azu ba za su iya tsaya wa masu su a gaban banki ba. Gyara dokar kuma ba ƙaramin aiki ba ne, domin an cusa ta cikin kundin tsarin mulki, sai an bi irin hanyar da ake bi wajen gyara shi.

Kai dai ka yi sa'ar jiha. Bayan an kafa kamfanin NMRC a 2013 don ya riƙa samar wa bankunan gidaje kuɗi na dogon zango, ya tsara samfurin dokar jingina da karɓe gida ya miƙa wa jihohi, kuma Kaduna ce ta fara zartar da ita a 2017. Manufarta a rage jan ƙafa wajen rajistar jingina da ba da amincewa, a kuma fayyace yadda za a karɓe gida ba sai shari'a ta shekara goma ba. Ga KADGIS kuma, hukumar filaye ta jihar Kaduna, da ta tattara harkar takardun fili wuri guda.

Shawarata, kada ka ba da ko naira ɗaya tukuna. Ka ɗauki safiyo ya auna gidan ya fitar da lambobinsa, a kai KADGIS a bincika ko filin yana cikin wanda gwamnati ta keɓe, ko an taɓa bai wa wani takarda a kansa. Idan ya fita tsaf, mai gidan ne zai nemi C of O da sunansa, sannan a yi takardar sayarwa zuwa gare ka.

Abu Ma'aikacin Banki:

Barista ya gama da ɓangaren takarda, bari in taɓa lissafi.

Maganar fansho gaskiya ce. Sashe na 89(2) na Dokar Fansho ta 2014 ya buɗe ƙofar, amma sai a Satumbar 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idoji. Iyakar abin da za ka ɗauka kashi 25 cikin ɗari ne na abin da ke asusunka. Dole an zuba maka kuɗi na aƙalla wata 60, kana kan aiki, kuma ba ka shiga shekara uku na ƙarshe kafin ritaya ba. Sau ɗaya ake yi a rayuwa. Abin da mutane da yawa ba su gane ba, kuɗin ba hannunka zai shigo ba, bankin da zai ba ka lamunin za a tura wa. Ke nan in banki bai yarda da gidan ba, kamfanin fanshonka ma ba zai motsa ba. Komai ya koma kan takardar nan.

Kuɗin ruwan lamunin NHF kashi 6 cikin ɗari ne a shekara. FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya da ke riƙe da asusun, yana bai wa bankunan gidaje a kashi 4, su kuma su ba ka a 6. Ana cewa shekara 30, amma wannan ga yaro ne ɗan sabon ɗauka. Kai da kake 42, zuwa shekarun ritaya 60 saura 18, in ma shekara 35 ta aiki ba ta riga cika ba. A tsarin da aka saba, lamunin da ya wuce miliyan 5 sai ka kawo kashi 10 naka. Mu ce an ba ka miliyan 10: za ka riƙa biyan kusan naira 76,000 duk wata, jimilla miliyan 16 da ɗoriya. Ba a yarda biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu ba, don haka sai albashinka ya kai wajen 228,000. Da a bankin kasuwa ne a kan kashi 25, wannan miliyan 10 ɗin za ta ci maka sama da 210,000 a wata.

Ka ware kuɗin lauya da na mai ƙiyasta gida da inshora da harajin hatimi da kuɗin rajista. Nan ne mutane ke maƙalewa bayan an amince musu.

Malam Na Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa, da ka sa maganar riba cikin tambayarka. Ita jingina ba haram ba ce. Tana cikin Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 283, kuma ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya jinginar da sulkensa a wurin wani Bayahude ya karɓi abinci. Inda matsalar take shi ne ƙarin da aka shardanta a kan bashi, kuma ƙanƙantarsa ba ta canja masa suna, ko 6 ne ko 25.

Tun da bankin Jaiz ya buɗe a 2012, wasu bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun biyo baya, irin su TAJ da Lotus. Hanyoyin da aka sani su ne banki ya sayi gidan ya ba ka haya har ka mallake shi, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsa sannu a hankali, kana biyan hayar abin da ya rage nasa. FMBN ma ya sanar da tsarin haya zuwa mallaka marar ruwa, ka tambaye su kai tsaye. Amma kada ka zaci zai fi araha, sau da yawa ba ya fi. Kuma su ma sai sun ga takardar gwamnati, tunda su za su fara sayen gidan. Ka kai yarjejeniyar wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki ya karanta kafin ka sa hannu.

Maman Ummi:

Baban Khalifa, ni ban yarda ka taɓa fanshonka ba, gaskiya. Mahaifina ya yi ritaya yana da gida, amma abin da ake ba shi a wata bai kai kuɗin maganin hawan jininsa da na suga ba. Rubu'in da za ka cira yau ba shi kaɗai ka rasa ba, har da ribar da zai tara cikin shekara 18.

Mu da ƙungiyar adashen ma'aikata muka yi namu. Muka sayi fili, muka riƙa buga bulo duk lokacin da ɗauka ta zo kanmu. Ginin ya tsaya a linta har ciyawa ta fito a cikin falo, maƙwabta suna ɗaure awaki a ɗakin da nake kwana yanzu. Mun tare babu silin babu fenti. Ya ɗauki lokaci, siminti kuma kullum tashi yake, amma babu mai ƙwanƙwasa mana ƙofa ƙarshen wata. Kuɗinka na NHF ba ɓata za su yi ba, in ba ka ci lamuni ba ana mayar maka da su idan ka yi ritaya.

Baban Khalifa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki ta shige ni, amma ki duba, kuɗin hayar da nake zubarwa duk shekara shi ne zai hana ni buga bulon. Ba zan iya ɗaukar biyun a lokaci guda ba. Kuma tara kuɗi a wannan zamani, abin da ya sayi buhun siminti uku 'yan shekarun baya yau da ƙyar ya sayi ɗaya.

Na kira mai gidan da daddare. Bai ƙi maganar C of O ba, sai dai ya ce ba shi da kuɗin nema, in ina so in biya a cire daga kuɗin gidan. Ya kuma faɗa mini abin da dillali bai faɗa ba: filin gadon mahaifinsu ne, su shida, shi ne ya gina. Ya ce 'yan'uwansa sun bar masa da baki. Barista, in biya?

Barista Zazzau:

A'a Yaya, ka dakata. Bari da baki ba ya hana ɗan ɗaya daga cikinsu ya taso bayan shekara goma. A fara zuwa kotun shari'a a fitar da takardar rabon gado da ta nuna filin ya faɗo a kasonsa, ko sauran magada biyar su sa hannu a rubuce cewa sun sallama, matan cikinsu kowacce da kanta, ba wani ya sa mata ba. Bayan nan a yi binciken KADGIS. In duka biyun sun fita, to ka biya kuɗin neman takardar, amma lauya ya rubuta cewa ɓangare ne na kuɗin gida, a kuma rubuta farashin miliyan 11 a ciki. Gida yana samun C of O darajarsa ke tashi, kuma na sha ganin mai gida ya canja magana a ranar da takarda ta fito.