Idan dangi za su biya ɗan'uwa kuɗin jinya

Jiya bayan Magariba a Gwammaja muka tattauna kan ɗan'uwan da dangi ke biya ya yi jinyar tsoho a gida. An yarda tausayi kaɗai bai isa ba, sai da horo. Wata ma'aikaciyar jinya ta nanata a riƙa juya mara lafiya duk awa 2, don ta ga ƙugun da kwanciya ta cinye har ƙashi. Wannan ya tsaya mini a rai. Allura da ƙarin ruwa kuwa a bar wa mai lasisi.

A Amurka, tsarin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, na buƙatar mataimakin jinya na gida ya yi horon awa 75. Mu nan an ce a fara da kwas ɗin agajin gaggawa na Red Cross, albashi kuma a rubuta shi gaban shaidu.