Insufficient da not enough: wanne ne "bai isa ba"?

Ɗalibi daga Tawa:
Assalamu alaikum, malamai. Ina shirin jarrabawar Bak, ta ƙarshen sakandare, kuma kalmar insufficient ta ɗaure mini kai. Ta yi kama da insuffisant ta Faransanci da malamai ke rubutawa da jan bik a gefen takarda. Ita da not enough duk ɗaya ne? Inadequate kuma ina take shiga?

Malamin Ingilishi, Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Insufficient da not enough ma'anarsu ɗaya: abu bai isa ba. Inda suka rabu shi ne wurin da ake faɗar kowace. Insufficient kalmar takarda ce, ta banki da kotu da rahoto. Ka sa kati a na'urar cire kuɗi ta ce insufficient funds, wato abin da ke cikin asusun bai kai wanda ka nema ba. Alƙali ya ce insufficient evidence, hujja ba ta wadatar ba. Amma mai gida da ya ɗanɗana miya not enough salt zai ce. Idan ya ce insufficient salt za a gane, sai dai kunne bai saba ba.

Ka kula da rubutun: f biyu ne, ƙarshen kuma cient, ba sant irin na Faransanci ba. Nan maki ke zubewa. Unsufficient kuwa kuskure ne. Wajen faɗi, "insafishant", ka danna muryar a kan "fi".

Malama mai fassara:
Malam ya gama magana kan insufficient. Ni enough ce ta fi ba ni tsoro ga wanda ya yi lakwal da Faransanci, domin assez na jan shi ya faɗa rami. Ana cewa assez grand, sai yaro ya rubuta enough big. A Ingilishi sifa ke gaba: big enough, not old enough. Da suna kuwa enough ke shigewa gaba, kuma ba a ɗauko de ɗin nan: pas assez d'eau shi ne not enough water, babu of. Sai in akwai the ko my ko wakilin suna, kamar enough of them.

Wani tarkon: assez bien da ake ba wanda ya samu daga 12 zuwa ƙasa da 14 bisa 20 ba isa take nufi ba. Fairly good ce.

Wani malami, Tawa:
Ɗana, ga inadequate. Insufficient ƙirga take yi ko awo, yawan ne ya gaza. Inadequate takan taɓa inganci: abin yana nan, amma bai iya aikin ba. Aji mai ɗalibai 60 da kujeru 40, kujerun insufficient ne. Idan 60 ɗin sun cika amma ƙafafunsu na rawa, inadequate ta fi dacewa. Kuma kada ka kira mutum insufficient. Inadequate ake ce masa, maganar kuwa tana da zafi.

A kasuwa duk ba su ake ji ba. Kaya na jikka biyar, wato 5.000, kana riƙe da 4.500, sai ka ce I am 500 francs short.

Ɗalibi daga Tawa:
Allah ya saka da alheri. To lack fa? We lack of water daidai ne?

Malama mai fassara:
A'a, manquer de ce ta biyo ka. In aikatau ce, we lack water. In suna ce, a lack of water.