Ina Mai Baƙar Alkyabba ke samo matsafansa?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan fadar shayinmu ta Damagaram. Jiya muka gama kashi na 40 na shirin matsafan nan da muke kallo a bakin shagon tela bayan isha'i. Ga wanda bai bi ba: waziri ne ya kashe sarki ya haye gado. Mu dai Mai Baƙar Alkyabba muke ce masa, don sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshe, mai fassarar ma kullum da yadda yake faɗarsa. Masu gaskiya suna da makarantar tsafi guda tak a kan dutse, shekara bakwai ake yi kafin a yaye yaro. Shi kuwa ba makaranta ba malami, amma duk karon da aka yi sai an kashe masa matsafa kamar fara, gobe ka gan shi da sababbi. Doka: amsa da waƙa, ƙwar huɗu. Wanda ya yi zube, sukarin shayi na kansa. Wannan nawa bai shiga lissafi ba.

Bismillahi na ɗaura niyya,
Tambaya na kawo mai wuya,
Ku 'yan fada har da na Mirya,
Ku ba ni amsa, ban da ƙarya.

Jiya an kashe masa sha biyu,
Yau ya fito da sababbin mayu,
Shin shuka su yake su rayu,
Ko a Kasuwar Dole suka sayu?

Jikan Tanimun (Tanimun sarkin Damagaram ne na dā):
Ƙanena zauna in warware,
Ba a Dole ba ne, can Jangare,
Birnin iskoki, gari a tsare,
Can yake aike cikin dare.

Zaure goma sha biyu ke ciki,
Kowane iska da nasa doki,
In garaya ta yi kiran biki,
Sai ka ga runduna ta cika ɗaki.

'Yar Mirya:
Yaya, ai kai barci kake yi,
Ba ka farkawa sai an zuba shayi,
Iska ka taɓa gani da jin sanyi?
Ko ya bi mai rabon tuwo a layi?

Waɗannan kibiya tana kashe su,
Jini na zuba, ana binne su,
Kashi na talatin, je ka gan su,
Suna gunaguni a ƙara musu.

Ɗan Garuwa:
Kai! Anti ta zuba wa garwashi ruwa. "Sai an zuba shayi", wallahi haka ne, ni nake zama kusa da shi. Na ji, sukari na kaina.

Jikan Tanimun:
Ƙanwata 'yar lambun Mirya,
Ki ji da tumatir cikin ƙwarya,
Barcina ya fi idonki, ba ƙarya,
Ni ko a mafarki ina bin hanya.

Kakana ya zagaye Birni da ganuwa,
Ya ƙera igwa, Kano ta ji tsawa,
Ke naki kakan me ya iya ginawa,
In ban da kunyar shuka yakuwa?

Bakanon Zango:
Me ya kawo Kano cikin faɗan wa da ƙanwa?

Ka bar Kano, ta fi ƙarfin bakinka,
Shaddar jikinka a Kwari aka yanka,
Fassarar da ke sa ka lumshe idonka,
Ɗan Kano ne ya zauna ya yi maka.

Batun matsafa kuwa ciniki ne,
Ba Jangare ba, aikin dillali ne,
Boka duk inda yake mayunwaci ne,
Ka nuna masa jika, naka ne.

Na Garin Malam:
Assalamu alaikum. Ni ba na zama kallon nan, yarana ke ba ni labari, kuma kun san hukuncin sihiri ba sai na maimaita ba. Amma Alhaji Bakano bai yi nisa da gaskiya ba. Fir'auna ya riga wazirinku buɗe ɗaukar matsafa aiki. A Suratul A'araf, aya ta 111 zuwa 114 a lissafin Hafsu (masu Warshu ku duba kusa da nan), fadawansa suka ce a aika masu tattarowa cikin birane, su zo da duk ƙwararren masihirci. Da suka iso, abin da suka fara tambaya shi ne: muna da lada in mun yi rinjaye? Ya ce e, kuma kuna cikin makusanta. Sai dai a Suratu Ɗaha, bayan sun yi imani, sun ambaci sihirin da ya tilasta su a kansa. Ashe da kuɗi da bulala aka haɗa.

Fir'auna ya aika cikin birane,
Duk mai sihiri a zo da shi, ko wane,
Suka ce da lada? Ya ce tabbas ne,
Kusa da gadona mazauninku ne.

Ranar ado suka jefa igiya,
Sandar Musa ta haɗiye ƙarya,
Suka faɗi sujada ba waiwaya,
Haka mai hayar boka kan ƙare da tsiya.

Ɗan Garuwa:
Allah ya gafarta Malam, ya ƙara sani. Alhaji, Malam ya ɗaga hannunka.

'Yar Mirya:
Rabin hannu ya ɗaga. Ka karanta wurin bulalar.

Mushe Mai Alli:
Ku dakata, ga ni da jan alli,
In auna baitocinku da hankali,
Jikan Tanimun, ba ni dalili,
Gaɓa takwas can, nan sha uku, wane asali?

Alhaji ya sami "ne" da araha,
Ya jera huɗu, ya ce fasaha,
Amsa-amon nan abin raha,
Ka karɓi wannan a nasiha.

Ku ƙirga da kanku. "Ƙanwata 'yar lambun Mirya" gaɓa 8. "Kakana ya zagaye Birni da ganuwa" gaɓa 13. Waƙa guda, mutum guda, zama guda.

Bakanon Zango:
Mushe ka tsallake baitin Malam,
"Ne" nasa biyu, ka ce musu salam,
Don ni baƙo ne a Damagaram,
Kaina kaɗai allinka ya faɗo, bam!

Jikan Tanimun:
Mushe mai ƙirgen gaɓa da yatsa,
Ɗangonka na huɗu je ka tatsa,
Sha huɗu ne cif, ya ƙi ya matsa,
Mai nuna hanya daji ya ratsa.

Ɗan Garuwa:
Na ƙirga, sha huɗu ne! Yaya ya rama wallahi. Birni ta dawo.

'Yar Mirya:
Kai Ɗan Garuwa, ɗazu kana bayana, yanzu kana bayan Yaya. Duk inda aka buɗe famfo nan kake ajiye kurarka.

Mushe Mai Alli:
Sha huɗu ne, ban musa ba. Amma yatsa na ɗauko don ku gane, ainihin ma'aunin ba yawan gaɓa ba ne kawai, jerin mai nauyi da marar nauyi ne. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da bahar, wato karin waƙa, guda 15, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16, kuma a kan wasu daga cikinsu malamanmu suka ɗora rubutacciyar waƙar Hausa. A aruli, ilimin auna waƙa, akwai zihafi, ana yarda a rage wani abu a ƙafa ba tare da karin ya karye ba. Na Jikan Tanimun kuwa ba ragi ba ne, ƙafa sukutum ya ƙaro, kamar jaki mai ƙafa biyar.

Jikan Tanimun:
Wato in naka ne zihafi, in namu ne karaya. To naka ma ƙari ka yi ba ragi ba, Mushe. Wace illa ce wannan a littafin Halilu?

Bakanon Zango:
Kuma har yanzu bai ce komai a kan "ne" ɗin Malam ba.

Na Garin Malam:
"Birane" da "wane" ba "ne" ba ne, Alhaji. Biyun ƙarshe na amsa laifinsu.

Mushe Mai Alli:
Ban ce kowa ya haddace bahar ba. Na ce wanda ya ɗauki kari ya riƙe shi har ƙarshe. Ko yaran CM2, ajin ƙarshe na firamare, in suna rera waƙar lakwal sun san inda ƙafa ke faɗuwa.

Gwaggon Zango:
'Ya'yana ku bar faɗan haka,
Ni na koyi kari wurin daka,
Lugude in ya faɗa, ka taka,
Ba Halilu, ba Basra, sai baka.

Mu uku kan turmi, ba mai kuskure,
In kin yi latti yatsa ya gurje,
Wannan ne aruli, Mushe ka jure,
Ka zo da allinka gobe ka auna gero.

Ɗan Garuwa:
Gwaggo ta kashe baki! Mushe, ka auna na ƙarshen mana, ko tsoro kake ji?

Mushe Mai Alli:
Ba a auna uwa.

Ɗan Birni:
Jama'a, matsafan fa? Na tambayi inda waziri ke samo mutane, kun kai ni Basra.

Bafillacen Tanut:
Yanzu rezo ya kawo mini tambayar. Ban karanta na sama ba.

Ɗan Birni amsa tana kusa,
Ka dubi wanda ya fi son a gaisa,
Mai doguwar riga da ɗaga murya bisa,
Barebari ne, su ya kwasa.

Jikan Tanimun:
Ka koma ka karanta na sama, bawan kakana. Ka bar shanu su huta da waƙarka.

Na Kabu-kabu:
Gafara dai manya. Kwana biyu ba kuran a unguwarmu, wayar ta mutu, sai yau na yi sharji a tasha. Na karanta duka har faɗan Basra. Ni ba ni da alli ba ni da allo, amma kashi na 27 sau uku na kalle shi.

Ɗaliban dutse suna da munduwa,
Ta ƙarfe, a hagu, ba ta ciruwa,
Matsafan Alkyabba in suna fitowa,
Hagunsu da tsumma suke naɗewa.

Kashi ashirin da bakwai ku koma,
Wanda ya faɗa kogi yana fama,
Ruwa ya warware masa tsumma,
Ga tabon munduwa, fari, ba tantama.

Yara ɗari ake ɗauka a shekara,
Bakwai ake yayewa, sauran a kora,
Casa'in da ukun nan da suka saura,
Wa ya bi sawunsu? Wa ya ce a gyara?

Gida ba komawa, kunya ta hana,
Rabin tsafi ba ya noma gona,
Mai Alkyabba na gindin dutse da rana,
Yana jiran mai kuka ya ce "zo, ɗana."

Ba Jangare ya je ba, ba kasuwa,
Makarantar kirki ke masa yayewa,
Su ne ke shuka, su ke zubarwa,
Shi tsintuwa yake, yana tarawa.

Na san wannan tabon. Sau biyu na faɗi birebe, jarrabawar gama koleji, aka ce in ba da wuri. Wata uku ina fita da safe da jakar lakwal don kada tsohuwa ta gane, in je bayan tasha in zauna har a tashi. Ba wanda ya zo nemana daga can. Wanda ya zo wani ne mai mota baƙin gilashi, lokacin kampan, ya raba mana jika bibbiyu da riga mai hoto, kuma ya riƙe sunan kowa, har laƙabi. Cikin waɗanda muke zama, wasu pale, ƙungiyar 'yan daba, ta ɗauke, suna ɗaga ƙarfe suna jiran a kira su, wasu suka hau motar Jado da aka ga zinariya a 2014. Ni kawuna ya ba ni babur bashi. Sukari na kaina.

'Yar Mirya:
Na koma kashin, na tsayar da hoto,
Tabon na nan, zagaye kamar kwano a rufe da faifai,
ai baitin ma ya ƙi zuwa. Ƙanena ka ci. Tabon na nan wallahi, har wurin da aka ɓalle ƙarfen ya fito.

Bakanon Zango:
Jika bibbiyu ya ce fa. Ku lura. Maganata ce ya yi wa ado.

'Yar Mirya:
Alhaji, jikar ba ita ta fara zuwa ba, "zo, ɗana" ne. Ba kowane abu ake aunawa da mudu ba.

Mushe Mai Alli:
Ɗana, baitinka ya soke ni,
Yara tamanin ke gabana, ka ji ni,
In ɗaya ya ɓace, wa zai sanar da ni?
Sai na ga benci ya yi faɗi, ya dame ni.

Akwai ɗangon da ya ɗingisa a naka, ba zan faɗi wanne ba. Yau na ajiye alli.

Bakanon Zango:
Kun gani! Ɗan gari in ya ɗingisa sai a ajiye alli.

Jikan Tanimun:
Na ji munduwa, na ji tabo,
Yaro ya yi waƙa, ya ci yabo,
Amma wanda ya zama hayaƙi a rumbu,
Wace makaranta ta kore shi? Ɗan Jangare ne, ku yarda ku huta.

Mushe Mai Alli:
Allin da na ajiye, na ɗauka.

Ɗan Birni:
Lissafin sukari: Ɗan Garuwa kwata huɗu, Mushe huɗu, Alhaji uku. Malam da Gwaggo an yafe. Na Kabu-kabu, naka ni zan biya, da sharaɗin ka zo yau da wuri ka zauna kusa da Yaya, ka riƙa taɓa shi in an nuno hannun hagu. Kashi na 41 bayan isha'i, kowa ya zo da dala ashirin na man inji, tela ya ce ba bashi.

Na Kabu-kabu:
Ina da fasinja zuwa Mirya, in na dawo da wuri. Kada a fara ba ni.