Shafina yana hawa da sauka a Google, ina gyaran yake?

Na Ƙofar Marusa: Salamu alaikum. 'Yan uwa, shafin shagon ɗinkinmu ne. Idan an rubuta "ɗinkin kaftani Katsina", yau muna na 4, jibi na 17, wani lokaci ma sai mu ɓace. Wata guda ke nan. Me za a gyara?

Ɗan Daura: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa komai, da me kake aunawa? In da wayarka kake dubawa, ba ma'auni ba ne. Google yana duba inda mai bincike yake, da ko waya ce ko kwamfuta. Abin da za ka gani a Ƙofar Marusa ba lallai ne shi mutumin Daura ko Funtua zai gani ba. Ka buɗe Search Console, wato kayan aikin Google da ke nuna matsayin shafinka a bincike, kyauta ne, yana ajiye bayanan wata 16. Ka tace da kalmar kaɗai, ka zaɓi Nijeriya, ka zaɓi waya, ka kwatanta kwana 28 da kwana 28 na baya. In sau goma ko ashirin kawai ake nemanta a rana, matsakaicin matsayin dole ya yi ta tsalle, wannan ba ciwo ba ne.

Hajiyar Ƙofar Kaura: Ka kuma duba da ƙugiya da babu. Yawancin mutanenmu "dinkin" suke bugawa a waya, ba "ɗinkin" ba, kuma kowanne layinsa daban a rahoton. Kar ka haɗa lissafinsu.

Na Ƙofar Marusa: Na duba, Hajiya. Amma ga wani abu: ƙarƙashin kalmar adireshi biyu ke fitowa, babban shafinmu da wani rubutu kan farashin kaftani.

Injiniya: To ga ɓarawon nan. Shafuka biyu na gida ɗaya suna kokawa kan kalma ɗaya, Google ya rasa wanda zai ɗauka. Ran da ya ɗauki mai ƙarfin sai ka hau, ran da ya ɗauki ɗayan sai ka faɗo. Ka zaɓi guda ya zama mai kalmar. In abin da ke cikinsu kusan ɗaya ne, ka kwashe mai amfani ka zuba a babban, ka juya ƙaramin da 301, wato umarnin da ke tura mai buɗe tsohon adireshi zuwa sabon na dindindin. Ba 302 ba, ita ta wucin gadi ce, tsohon adireshin zai iya ci gaba da zama a rumbun Google. In kuwa kana son rubutun farashin ya tsaya, ka canja masa take ya koma kan farashi zalla, ka sa mahaɗi daga cikinsa zuwa babban da kalmar a jiki. Alamar kanonikal, wadda ke nuna wa Google wane shafi ne na asali, ita ma tana aiki, sai dai shawara ce kawai ga Google, yana iya ƙin bi. Sannan ka tabbatar adireshin shafin mai www da marar www, http da https, duk wuri ɗaya suke kai mutum.

Ɗan Daura: Ƙari a kan na Injiniya, ka dubi ranar da tsallen ya fara, ka gwada da shafin da Google ke sanar da manyan sabuntawarsa na tsarin jera sakamakon bincike. Sau da yawa a shekara ake yinsu, galibi mako biyu suke ɗauka, amma na Maris 2024 sai da ya kai kwana 45. Ana tsakiyar wannan kowa rawa yake yi, gyara a lokacin ɓata lissafi ne.

Hajiyar Ƙofar Kaura: Ni dai masu sayar da mahaɗai dubu daga wasu shafuka zuwa naka a kan kuɗi kaɗan nake ja maka kunne a kansu. Ko dai Google ya yi watsi da su kuɗinka ya tafi a banza, ko su jawo maka hukunci. Gara ka cika Google Business Profile, wato bayanan shagonka da ke fitowa a Google da taswirarsa, adireshi da lambar waya iri ɗaya da na shafin, tunda kalmarka da sunan gari a ciki.

Injiniya: Ka kuma gwada PageSpeed Insights, ma'aunin saurin buɗewar shafi, a ɓangaren waya. Ana so babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Hotunan kaftani su ne ke nauyi, ka matse su zuwa WebP, nau'in hoto marar nauyi. Amma fa gyara ɗaya a lokaci guda, ka rubuta ranar, ka jira mako uku zuwa huɗu.

Na Ƙofar Marusa: Allah ya saka da alheri. Da 301 zan fara. A WordPress, manhajar da aka gina shafinmu da ita, sai da ƙarin manhaja ko daga wajen masu hostin, wato masu ajiye shafin a intanet, ake yi?

Injiniya: Duk biyun suna yi. Ƙarin manhajar Redirection kyauta ce, ta ishe ka.