Shin Jakara kogi ce ko kwata?

Malamar Aji Biyar:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke cikin birnin Kano, kuma a makon jiya, da muka zo darasin koguna, na ambaci Jakara tare da Challawa da Watari, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce shi dai iya saninsa Jakara kwata ce, domin can ake aikensa zubar da shara. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji kunyar rashin amsar da za ta gamsar da shi. Don Allah masu sani su taimaka mini: daga ina ta taso, ta ina take bi, ina take ƙarewa, kuma akwai sauran wani abu mai rai a cikinta ban da sauro?

Jikan Madabo:

Wa alaikumus salam, Malama. Ɗalibinki bai yi ƙarya ba game da abin da idonsa ya gani, amma Jakara ta girmi ganuwa, ta girmi kasuwar da ke gefenta. Ruwan da ke gangarowa daga wajajen Gwauron Dutse da Dala shi ne yake taruwa a kwarin da ya ratsa tsakiyar birni, ya bi ta gefen kasuwar Kurmi, ya fita ta ɓangaren Fagge, sannan ya nufi arewa maso gabas.

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci wurin tun zamanin Barbushe da sunan Kurmin Baƙin Ruwa, ya kuma bayyana cewa an kira shi haka ne saboda ruwansa baƙi ne, ga duhuwar itatuwa ta kewaye shi. Mutanen wancan zamani suna tsoron kurmin, suna yanka baƙin bunsuru a cikinsa idan sun ga alamar masifa za ta auko wa gari. Da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa a nan, sai ta gaji sunan kurmin. Yana da kyau ki nuna wa yaran cewa duk wanda ya ce zai je Kurmi sayen turare ko takalmin fata, sunan wani daji yake ambata ba tare da ya lura ba.

Baturen nan Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusa raba birnin gida biyu, kasuwa tana ci a kan ɗan tudun da ya ratsa ta, kuma ya ga agwagin daji da gauraki da ungulaye a wurin. Barth ma, Baturen nan matafiyi da ake kira Abdulkarim, ya tarar da ita a 1851. Sai dai a faɗi gaskiya, tun a lokacin Clapperton ya koka da ƙazantar da gidaje ke turawa cikinta. Ke nan ba 'yan zamani ne suka fara ba, yawan jama'a da leda da ruwan masana'anta ne suka kai abin inda fadamar ba za ta iya haɗiyewa ba.

Ɗan Lambu:

Malam ya gama da cikin ganuwa, bari in karɓa daga inda na taso. Bayan ta bar Fagge, Jakara tana bi ta gefen Sabon Gari da Nomansilan, ta wuce Kwakwaci da Gama, tana karɓar ƙananan rafuka a hanya, ciki har da Gogau. Babbar mahaɗarta ita ce da Getsi, wadda ke kwaso ruwan masana'antun Bompai, musamman na jima da na rini. Wanda ya tsaya a mahaɗar da rani zai ga launi biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya, hancinsa kuma ba zai manta da wurin ba.

Mahaifina ya yi noman rani a bakin wannan ruwa, latas da kabeji da karas da alayyafo, kuma ni nake riƙe masa tiyo idan an tayar da inji. Da ruwan sama ya ɗauke, abin da ke gudana a rafin kusan duka ruwan da gari ya yi amfani da shi ne, shi ya sa ba ya ƙafewa, shi ya sa kuma ganye ke yin kore shar ba tare da taki mai yawa ba. Masu bincike na Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan da ƙasar, suna samun gubar ƙarafa irin su dalma da sinadarin kuromiyam da ake jima da shi. Manoma sun san da maganar, amma wanda ba shi da rijiyar burtsatse ba shi da zaɓi.

Game da halittu, Malama, ki ce wa yaron akwai su. Balbela ba ta rabuwa da fangalin da aka yi wa ban ruwa, tana bin ma'aikaci taku biyu a baya tana tsintar tsutsa. Akwai zalɓe, wanda zai tsaya da ƙafa ɗaya har ka ɗauka kara ne, akwai zakaran ƙeƙuwa da ke tashi da ihu da zarar ka kusanci ƙwansa, sannan shamuwa tana sauka idan damina ta gabato. Na taɓa ganin guza ta fito daga ƙarƙashin kainuwa ta hau bakin gaɓa, leda maƙale a wuyanta, tana shan hantsi abinta. Kifin da ya fi jure wurin shi ne tarwaɗa, domin tana iya ɗago kai ta shaƙi iska idan ruwa ya lalace, abin da karfasa ba ta iyawa. Wadda na daina gani ita ce ungulu. Muna yara ba a ƙirga su a kusa da mayanka, yanzu kuwa sai a shekara ban ga ko ɗaya ba.

Baminjibira:

Ƙarshen tafiyar a wajenmu yake. A ƙaramar hukumar Minjibir aka tare ta da madatsar Wasai, wadda aka gina a 1976, abin da ya tsallake madatsar kuma yana cikin ruwan da ke gangarawa kwarin Haɗeja, ta fuskar tafkin Cadi. A nan ne Jakara take komawa kamar ruwa: masunta suna fita da kwalekwale su kamo karfasa da tarwaɗa, kirinjijiya tana sauka garke-garke da yamma, kainuwa da kacalla sun cinye bakin gaɓa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne tsargiya, domin katantanwar da ke ɗauke da ita tana nan, kuma yaran da ke wanka a dam ɗin suna kamuwa. Idan za ki kawo ɗalibai, kada ko ɗaya ya tsoma ƙafa.

Jikan Madabo:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma ina ganin kai su Wasai ya fi kai su Kurmi, domin a cikin birni ruwan ya fara ɓuya. A mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara rufe rafin da kankare domin a shimfiɗa titi a kansa daga Jakara zuwa Kwarin Gogau, aikin da jama'a ke kira Wuju-Wuju, wanda ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya. Maƙwabtan rafin suna da hujjar murna, saboda wari da sauro da yaran da ke faɗawa ciki da damina. Ni dai abin da ke damuna shi ne watan Agusta, tunda an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, duk ruwan da suke riƙewa a da yanzu wannan hanya ɗaya yake nema, kuma idan shara ta toshe ta a ƙarƙashin kankare ba mai gani sai ruwa ya shigo ɗaki.

Malamar Aji Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye mu je Wasai bayan an ɗauke ruwa, kuma yaron da ya ce kwata ce shi zan ba littafin rubuta sunayen tsuntsayen da muka gani. Malam Ɗan Lambu, da wane lokaci zalɓe ya fi fitowa, da sassafe ko da la'asar?