Taƙaitawa: haɗa kan dubban wakilan manhaja

Jama'a, ga abin da na tattaro daga muhawararmu ta masu koyon kwamfuta a yankin Ringim, kan yadda za a haɗa kan dubban wakilan manhaja, wato manhajojin da kowacce ke gudanar da aikinta da kanta.

1. Baki ya zo ɗaya cewa kada kowane wakili ya riƙa magana da kowa kai tsaye. Wakilai 1,000 in aka sake su haka, hanyoyi 499,500 ke nan tsakaninsu. A sa layin saƙonni, wato manhajar da ke ajiye saƙonni har a zo a ɗauka, irin Kafka ko RabbitMQ, kowa ya ɗauki aikinsa daga can.

2. Kan wanda zai raba wa wakilai aiki, nan aka rabu. Wasu sun ce a yi kamar gayya, mutum ɗaya ya raba kunyoyi. Wasu suka ce in ya faɗi komai ya tsaya, gara tsarin Raft na 2014: in shugaba ya yi shiru, saura su zaɓi sabo da rinjaye. Ni ma nan na karkata.

3. Da yake sabis yana yawan ɗaukewa a ƙauyukanmu, an nanata a ba kowane aiki lambarsa, don saƙon da ya iso sau biyu kada a yi aikin sau biyu. In saƙo bai tafi ba kuma, wakili ya ƙara jinkiri kafin kowane sabon gwaji.

4. Wa zai tsayar da wakilin da ya kauce? Ba a daidaita ba.