Ƙurar hunturu a birni da ƙauye: me ya sa illarta ta bambanta?

Wata uwa daga Kano:

Assalamu alaikum. Duk shekara idan hunturu ya shigo, ɗana mai fama da asma yakan kama tari da ƙuncin numfashi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da zarar mun kai shi ƙauyen kakanninsa sai ya samu sauƙi, alhali can ma hazo ne ya rufe ko'ina. Ashe ba ƙura ɗaya ce take sauka a wuraren biyu ba?

Malamin labarin ƙasa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Asalinta ɗaya ne. Kaso mai yawa na ƙurar yana tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafkin Chadi ya ƙafe ya bar wata farar ƙasa mai laushi kamar garin alli. Iska tana ratsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, matsewar hanyar ta ƙara mata ƙarfi, sai ta kwashi ƙasar ta yo kudu maso yamma da ita. Manyan ƙwayoyi suna zubewa a hanya, masu laushin ne suke isowa gare mu, har wasu su ƙetare tekun Atlantika zuwa dajin Amazon.

Bambancin yana cikin abin da ƙurar take tararwa. A daren sanyi, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, mai ɗumi kuma ta hau kanta ta zama kamar murfin tukunya, don haka hayaƙin adaidaita sahu da na janareta da na bolar da ake ƙonawa da wutar jin ɗumi ba ya samun hanyar tashi sama. Sai ya gauraya da hazon, ya tsaya daidai inda muke shaƙa har rana ta ɗaga. A ganina mun cika ɗora wa hamada laifi, alhali wani ɓangare na dattin mu muke hura shi da hannunmu.

Ma'aikaciyar jinya:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai kada a ɗauka ƙauye ya tsira, domin hayaƙin itace a cikin rufaffen ɗaki shi ma yana tayar da asma. Ƙwayoyin da suka fi haɗari su ne waɗanda ake kira PM2.5, da suka fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, waɗanda gashin hanci ba ya tarewa, har su shige can cikin huhu. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa matsakaicinsu na yini kada ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska.

Hajiya, ki hana shi fita da sassafe idan da hali, ki riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, kuma maganin shaƙarsa ya kasance a jakar makaranta. Takunkumin N95 ya fi na yadi tace irin wannan ƙura. Ki kuma duba rigakafinsa na sanƙarau, tunda busasshiyar iska tana raunata fatar hanci da maƙogwaro a daidai lokacin da cutar ta fi yaɗuwa.

Wani ɗan'uwa daga Yamai:

Ya kamata a rarrabe hazon hunturu da guguwar da take zuwa gaban hadari a farkon damina, irin wadda ta mayar da sararin Yamai ja wur a watan Mayun 2020. Ita wannan, duk tsananinta, ba ta daɗewa, sau da yawa ma ruwa yakan biyo baya ya wanke iska. Hazo kuwa yakan kwana ya wuni a kanmu har tsawon kwanaki.

Uwar:

Allah ya saka da alheri. Akwai bola a bayan layinmu da ake cinna wa wuta kusan kullum da asuba, kuma tagar ɗakinsa can take fuskanta. Zan sauya masa ɗaki, mahaifinsa kuma zai je ya ga mai unguwa.